Dokar da ta kama kowa a Amurka, ta tsallake masu kulob ɗin besbol

Tun 1890 Amurka take da dokar hana babakere a kasuwa, wadda ake kira dokar Sherman. Abin da ta ce ba mai wuyar ganewa ba ne: 'yan kasuwar da ya kamata su yi gogayya da juna ba su da damar haɗa baki su raba kasuwa, ko su tsayar da farashi, ko su toshe wa wani hanyar shiga. Ma'aikaci ma tana kare shi, domin in masu kamfanoni suka yi alkawari cewa ba wanda zai ɗauki ma'aikacin ɗan'uwansa, to a kan farashin guminsa suka haɗa baki ke nan. Da wannan doka aka wargaza kamfanin mai na Standard Oil a 1911. Kotu ta ce ta shafi dambe a 1955, ta shafi ƙwallon zari-rugar Amurka a 1957. Wasan besbol ne aka ɗauke wa, kuma ba Majalisa ce ta ɗauke masa ba, Kotun Ƙoli ce.

Sai mutum ya san irin kwantiragin da 'yan wasa ke sa wa hannu a da kafin ya ga nauyin wannan rangwame. Daga 1879 masu kulob suka shigo da wani sharaɗi na riƙe ɗan wasa. Da farko mutum biyar kowane kulob zai keɓe, sauran kulob su kau da ido daga kansu. Sannu a hankali sharaɗin ya game kowa. Kwantiraginka ya ƙare, amma kulob na da ikon sabunta shi na shekara guda ko ba ka yarda ba, kuma masu kulob suka ce sabon ma yana ɗauke da wannan sharaɗi, saboda haka baɗi ma za a sake sabuntawa, haka har ka tsufa. Zaɓinka biyu ne: ka karɓi albashin da aka yanka maka, ko ka koma gida. Su kuwa suna iya sayar da kai ko su yi musayarka duk ranar da suka ga dama.

An kai maganar Kotun Ƙoli ne ta wata hanya dabam. Wata sabuwar gasa, Federal League, ta taso a 1914 tana zawarcin 'yan wasa da albashi mai tsoka, ta ruguje bayan kakar 1915. Aka sallami yawancin masu kulob ɗinta da kuɗi, aka bar na Baltimore yana hamma, shi kuwa ya shigar da ƙara a ƙarƙashin dokar Sherman. A 1922 Mai shari'a Oliver Wendell Holmes ya rubuta hukuncin da duk alƙalan suka amince da shi: dokar tarayya tana aiki ne a kan cinikin da ke tsallaka iyakar jihohi, shi kuwa wasan besbol nuni ne da ake yi a fili guda cikin jiha guda, tafiyar da 'yan wasa ke yi daga jiha zuwa jiha ba ita ce jigon sana'ar ba. Ko a lokacin, da kulob-kulob ke yawo a jirgin ƙasa daga Boston zuwa St. Louis, hujjar da ƙyar take tsayawa. Da rediyo da talabijin suka shigo kuwa, ai ba ta da ƙafa. Duk da haka a 1953, a ƙarar wani ɗan wasa George Toolson da New York Yankees, kotun ta ce shekara 30 ke nan Majalisa na gani ba ta gyara ba, don haka ita ma ba za ta taɓa ba.

Nan ne Curt Flood ya shigo. Baƙar fata ne, ya yi kaka 12 a St. Louis Cardinals, ya ci kofin World Series, wato wasan ƙarshe na fitar da zakaran shekara, da su a 1964 da 1967, albashinsa dala 90,000 a shekara, kuɗi masu yawa a zamanin. A Oktoban 1969 aka yi musayarsa zuwa Philadelphia Phillies ba tare da an tuntuɓe shi ba. Ya ce ba inda za shi. Ranar 24 ga Disamba ya aika wa shugaban wasan, Bowie Kuhn, wasiƙa yana cewa bayan shekara 12 ba ya ganin kansa a matsayin kadarar da za a saya a sayar ba da son ransa ba. Da aka yi masa gori a talabijin cewa mai dala 90,000 ba bawa ba ne, ya ce bawan da ake biya da kyau ma bawa ne. Lauyansa Arthur Goldberg tsohon alƙalin Kotun Ƙolin ne. Jackie Robinson, wanda ya karya shingen launin fata a 1947, ya zo ya ba da shaida, haka Hank Greenberg. Amma cikin masu taka leda a lokacin ko mutum ɗaya bai tsaya gaban kotu ya goya masa baya ba. Kowa na tsoron tukunyarsa.

Ya sha kaye a Yunin 1972, alƙalai biyar suka ƙi, uku suka yarda. Hukuncin da Harry Blackmun ya rubuta abin mamaki ne: ya buɗe da kirarin wasan, ya jero sunayen tsofaffin gwanaye sama da 80, har biyu daga cikin alƙalan da ke tare da shi suka ƙi sa hannu a wannan ɓangaren. Sannan ya amince cewa besbol ciniki ne tsakanin jihohi, ya amince cewa rangwamen bambaraƙwai ne, ya kuma ce a bar shi yadda yake, Majalisa ta gyara in tana so. A ganina wannan zille wa aiki ne, domin kotu ce ta ɗaura kullin, ba Majalisa ba. Shi kuwa Flood sana'arsa ta mutu: bai buga kakar 1970 ba, ya yi wasa 13 kacal a Washington Senators a 1971, ya tattara ya bar ƙasar. Masu bin ƙwallon Turai za su tuna da Jean-Marc Bosman na Beljiyam, ɗan wasan da ya kai irin wannan ƙara kan 'yancin sauya kulob, aka yanke hukunci a 1995, sai dai shi Bosman ya yi nasara a kotu.

Abin da kotu ta hana, ƙungiyar ƙwadago ce ta ƙwato. Marvin Miller, wanda ya fito daga ƙungiyar ma'aikatan ƙarafa, ya karɓi ragamar ƙungiyar 'yan wasa a 1966, kuma a 1970 ya sa masu kulob suka yarda cewa saɓanin kwantiragi zai riƙa zuwa gaban mai raba gardama wanda ba yaron kowa ba. Ba su hango inda abin zai kai su ba. A 1975 Andy Messersmith na Los Angeles Dodgers da Dave McNally na Montreal Expos suka shiga kakar ba su sa hannu a sabon kwantiragi ba, kulob ɗinsu suka sabunta tsohon. Da kaka ta ƙare suka ce shekara gudan ta cika. Ranar 23 ga Disamba mai raba gardama Peter Seitz ya ce haka ne, takarda shekara guda ta ce, ba har abada ba. Masu kulob suka sallame shi nan take, suka garzaya kotu, ba su yi nasara ba.

Tsarin da aka ƙulla a 1976 shi ne ƙashin bayan na yau. Sai ɗan wasa ya cika shekara shida a babbar gasa ta MLB yake da 'yancin zuwa inda ya ga dama. Shekara ukun farko yawanci abin da kulob ya ba shi zai karɓa, muddin bai gaza mafi ƙarancin albashi ba, wanda ya kai dala 740,000 a 2024. Daga nan zuwa ta shida, in an kasa daidaitawa, shi ya faɗi kuɗinsa, kulob ya faɗi nasa, masu raba gardama su zaɓi ɗaya, ba raba tsakiya. Wanda ya yi shekara 10 a gasar, biyar na ƙarshe a kulob guda, ba a musayarsa sai da yardarsa. Shekara kuma kwana 172 ce a lissafi, kuma nan ake wayo. A 2015 Chicago Cubs suka jinkirta ɗauko Kris Bryant daga ƙaramar gasa har ya ƙare kakar da kwana 171. Kwana ɗaya ya ja masa ƙarin shekara guda a hannunsu. Ya kai ƙorafi, bai samu ba.

Masu kulob ba su saduda ba. Daga 1985 zuwa 1987 suka haɗa baki suka ƙi taya 'yan wasan juna, aka kama su, suka biya dala miliyan 280. Yajin aikin 1994 ya sa ba a buga World Series ba, karon farko tun 1904, sai da Sonia Sotomayor, tana alƙaliyar kotun tarayya a New York, ta ba da umarni a 1995 aka koma fili.

Majalisa ta motsa a 1998, shekara guda bayan rasuwar Flood, ta yi doka da sunansa. Sai dai dokar ƙunƙuntacciya ce: ta cire rangwamen ne kawai a kan aikin 'yan wasan babbar gasa, waɗanda ƙungiyarsu ta riga ta tsaya musu. Ɗan wasa irin Shohei Ohtani da ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 700 a 2023 ba ya buƙatarta. Ta bar rangwamen a kan sauya wa kulob gari, shi ya sa birnin San Jose ya faɗi ƙararsa a 2015 lokacin da yake neman Oakland Athletics su koma can. Ta bar shi a kan ƙananan gasa, inda dubban samari ke bugawa a kan kuɗi ƙalilan. A 2018 ma Majalisar cire su ta yi daga dokar mafi ƙarancin albashi ta tarayya, sannan MLB ta rage ƙananan kulob daga 160 zuwa 120 kafin kakar 2021. Su ma samarin hanyar Miller suka bi: suka shiga ƙungiyar 'yan wasa a 2022, suka samu yarjejeniyarsu ta farko a 2023, mafi ƙarancin albashinsu ya ninka har da ɗoriya.