Manuni da Aron Ma'adana a Yaren C: Tambayoyi da Amsoshi

Mene ne manuni, kuma me ake nufi da bin sa?

Kowane gurbi a ma'adanar kwamfuta yana da lambar adireshinsa, shi kuwa manuni gurbi ne da ke riƙe da adireshin wani gurbin. A yaren C, wato yaren rubuta manhajar kwamfuta wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Amurka wajajen 1972, idan aka rubuta int *p = &x; to an ba p adireshin x ke nan. Idan kuma aka rubuta *p = 7; an bi adireshin har gurbin x an sauya abin da ke ciki. Kamar manomi ne da ya kai shinkafarsa sito aka ba shi takarda mai lambar ɗaki: takardar ba ita ce shinkafar ba, amma duk wanda ya bi lambar zai tarar da buhunan.

Yaushe ake aron ma'adana?

Ana aro ne idan ba a san yawan bayanan da za a adana ba sai manhaja ta fara aiki. Ana neman wurin da malloc, ita kuma ta dawo da adireshinsa, ko ta dawo da NULL, wato adireshin da ba ya nuna ko'ina, idan babu wuri. Wajibi ne a duba kafin a bi manunin, domin bin NULL yakan kashe manhaja.

Me zai faru idan ba a mayar da abin da aka ara ba?

Wannan ita ce tambayar da na fi so ɗalibi ya riƙe da hannu biyu. A ce wani matashi a ƙauyukan Kura ya harhaɗa na'urar auna danshin ƙasa da ƙaramin allon kwamfuta mai suna Arduino Uno domin ta riƙa kunna masa injin ban ruwa a gonar tumatir. Ma'adanar aikin wannan allo bayit 2048 ce kacal. Idan manhajarsa tana aron bayit 20 a kowane minti ba ta kiran free, wato umarnin mayar da abin da aka ara, kafin awa biyu wurin ya ƙare, na'urar ta rikice, injin kuma ya yi ta zuba ruwa ko ya ƙi tashi sam, alhali mai gona yana gida hankalinsa kwance. A ganina, a kan ƙaramar na'ura irin wannan gara a ware jeri mai ƙayyadadden girma tun farko, a bar malloc sai in ya zama dole.

To bayan an kira free, shi ke nan an tsira?

A'a, domin manunin yana nan riƙe da tsohon adireshin, wanda wataƙila an riga an ba wasu bayanan. Bin sa ko sake kiran free a kansa ɓarna ce da ba lallai ta bayyana nan take ba, shi ya sa gano ta ke da wahala. A mayar da manunin NULL da zarar an saki wurin.

Yaya lamarin yake a yaren C++?

Abin da aka samar da new ana sakinsa da delete, jeri kuma da delete[], ba a gauraya su da free. Tun daga tsarin 2011 akwai unique_ptr, wanda ke sakin abin da kansa idan amfaninsa ya ƙare. Mai aiki da Linux kuma ya gwada manhajarsa da Valgrind, wato wani kayan aiki na binciken ma'adana, zai nuna masa inda aka yi aron da ba a mayar ba.