Idan Ciyawa Ta Ƙi Kyau, A Fara Duba Ƙasar Da Ke Ƙarƙashinta

A zagayen da muke yi na aikin malamin gona, ƙorafin da muka fi ji daga masu kula da harabar makarantu, filayen ƙwallo da farfajiyar gidaje shi ne cewa ciyawa tana ƙonewa duk da ban ruwa da takin zamani da ake yi mata. Sau da yawa laifin na ƙasa ne, domin ta danƙare har saiwa ta rasa iskar shaƙa.

Ƙasa mai lafiya kusan rabinta ƙananan kafofi ne da iska da ruwa ke zama a cikinsu. Sawun jama'a, wasan yara da ajiye mota a kan ciyawa, musamman bayan an yi ruwan sama, su ne ke toshe waɗannan kafofi, kuma ƙasar laka ta fi jigawa saurin danƙarewa. Manomi ya san irin wannan wuri da sunan fako. A yankin Tawa na Jamhuriyar Nijar, ramukan tassa da manoma ke haƙawa suna zuba taki a ciki sun farfaɗo da fako mai yawa, kuma hikimar ɗaya ce da wadda ciyawa ke bukata, wato a buɗe wa ruwa da iska hanya.

Gane matsalar ba shi da wuya. Idan ruwa yana kwanciya a sama maimakon ya nutse, ko kuma an soka rodi washegarin ban ruwa ya ƙi shiga, to ƙasar ta danƙare.

A sami babban cokali mai yatsu na aikin lambu, a riƙa soka shi zurfin santimita 8 zuwa 10, a ɗan girgiza shi gaba da baya, sannan a matsa kamar santimita 10 zuwa 15 a sake sokawa, har a gama da wurin. Wanda ya sami irin mai ƙarfe mai rami a ciki, wanda ke zaro ɗan curin ƙasa ya bar huda, ya fi dacewa, domin ƙarfe marar rami yana ƙara matse ƙasar gefen hudar. Bayan haka a barbaɗa yashi gauraye da takin gargajiya wanda ya ruɓe sosai, a share shi da tsintsiya ya faɗa cikin hudojin. Ina jan hankali ƙwarai a kan ruɓewar takin, saboda ɗanyen kashin kaji yana ƙona ciyawa, ɗanyen kashin shanu kuma yana zuwa da irin ciyayin da ba a so.

Lokacin aikin shi ne farkon damina, sa'ad da ƙasa ke da danshi amma ba ta yi caɓi ba, ita kuma ciyawa irin ƙiri-ƙiri tana kan ganiyar yaɗo, za ta rufe hudojin cikin 'yan makonni. Kada a yi shi da hunturu, domin iska za ta busar da saiwar da aka buɗe. Kafin a fara, a tambayi inda bututun ruwa da wayar lantarki suka bi. Sau ɗaya a shekara ya wadatar, sai dai wuraren da ƙafa ta fi yawa, kamar bakin raga a filin ƙwallo, waɗanda ya kamata a maimaita musu kafin damina ta ja baya.