Ajiye fayilolin imel a rumbun intanet ta atomatik

Ajiye fayilolin imel ta atomatik tsari ne da ake saita wa akwatin imel, ta yadda duk takarda, hoto ko rasit da aka maƙala wa saƙo zai kwafu da kansa zuwa wata folda a rumbun intanet irin su Google Drive, OneDrive ko Dropbox, ko mai akwatin bai buɗe saƙon ba. A rubuce ana kiran fayil ɗin da ke biyo saƙo maƙalalle, a shagunan kwamfuta na Sakkwato kuwa "atacimen" aka fi ji. Rumbun kuma wasu na ce masa girgije ko gajimare, alhali manyan kwamfutocin kamfani ne jibge a wasu gine-gine, galibi a wajen Najeriya. An yi saɓani kan wanda ya fara ba shi wannan suna.

Tarihi

Ba don ɗaukar kaya aka ƙirƙiri imel ba. Lokacin da Ray Tomlinson ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata a Amurka a 1971, yana amfani da alamar @, rubutu zalla tsarin ke iya kaiwa. Ƙa'idar SMTP ta 1982, wadda har yau ita ke jigilar saƙonni, ta ginu ne kan jerin ASCII, wato haruffan Turanci da lambobi da alamomi guda 128. Babu hoto, babu sauti, kai ko ɗ da ƙ da ɓ na Hausa ba su da gurbi.

Dabarar farko ita ce a yi wa fayil shigar burtu, ya fito kamar rubutu. Wajen 1980 Mary Ann Horton ta rubuta uuencode a jami'ar Berkeley, wanda ke mayar da kowane fayil dogon jerin haruffa marasa ma'ana. Mai aikawa ya liƙa su cikin wasiƙa, mai karɓa ya yanko su da hannu ya mayar da su yadda suke. Aiki ne na masana, kuma kuskure a layi ɗaya kan lalata fayil ɗin gaba ɗaya.

Gyaran ya zo da ƙa'idar MIME, wadda Nathaniel Borenstein da Ned Freed suka tsara aka wallafa a Yunin 1992. Ita ce ta raba saƙo sassa-sassa, kowane sashe da alamar da ke faɗin ko rubutu ne, ko hoto, ko sauti, tare da sunan fayil ɗin. A watan Maris na shekarar Borenstein ya gwada ta da hoto da waƙar wata ƙungiyar ma'aikata huɗu da yake ciki. Ana yawan cewa wannan ne maƙalalle na farko, amma masu tuna uuencode ba su yarda ba. Abin da ba a musu a kai shi ne, duk wata manhaja da ke zaro fayil daga saƙo a yau alamomin MIME take bi. Ta kuma bar gado mai tsada: hanyarta ta Base64 tana rubuta kowane bayit 3 da haruffa 4, don haka fayil kan kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku a hanya.

Daga nan matsalar ta koma ta wurin ajiya. Hotmail, wanda ya fito a 1996, megabayit 2 yake bai wa mutum, abin da hoton waya guda na yanzu zai iya cinyewa. Dole ake sauke fayiloli kan faifai a share saƙon. Gmail ya zo ranar 1 ga Afrilun 2004 da gigabayit 1, har wasu suka ɗauka wasa ne saboda ranar da aka sanar. Sai mutane suka daina sharewa, akwatin imel ya zama ɗakin shirgi: komai na ciki, amma nemo shi aiki ne.

Rumbunan intanet sun biyo baya. Amazon S3 ya fara a 2006. Drew Houston da Arash Ferdowsi suka kafa Dropbox a 2007, kuma Houston ya sha ba da labarin cewa mantuwar da ya yi da filashinsa a wata tafiyar mota ce ta sa shi tunanin. Microsoft ta fito da nata a 2007 ɗin, wanda aka sani da SkyDrive kafin rigimar suna da wani kamfanin talabijin na Ingila ta sa ya koma OneDrive a 2014. Google Drive ya makara har Afrilun 2012, kuma a ƙarshen 2013 Gmail ya sami maɓallin tura maƙalalle can kai-tsaye. Amma wannan sai an danna.

Masu dannawa a madadin mutum su ne manhajojin haɗi: IFTTT, wadda ta bayyana tsakanin 2010 da 2011, Zapier da aka kafa a 2011, sai Microsoft Flow ta 2016 da aka sauya wa suna zuwa Power Automate a 2019. A shekarar 2019 ɗin Google ta tsaurara sharuɗɗan shiga akwatunan Gmail, IFTTT ta rasa yawancin abin da take yi da su, tsare-tsaren mutane da dama suka tsaya cak.

Yadda yake aiki

Sharaɗi ne da aiki: idan saƙo mai siffa kaza ya shigo, a kwafi fayil ɗinsa zuwa folda kaza. Mai akwati yana bai wa manhajar izini ta hanyar OAuth, ba tare da ya miƙa mata kalmar sirrinsa ba. Ita kuma ko dai ta riƙa leƙa akwatin bayan 'yan mintoci, ko a sanar da ita da zarar saƙo ya faɗo. Masu iya rubuta manhaja kan yi nasu da Google Apps Script kyauta.

Sirrin yana wurin tankaɗe. Ɗauki malamin jami'a da ɗalibai ke turo wa babi-babin furojet. Idan ya ce a kwashe komai, foldarsa za ta cika da tambarin bankuna da ƙananan hotunan sa-hannu masu suna image001.png, domin a idon MIME su ma maƙalallu ne. Ga kuma fayiloli talatin duk sunansu ɗaya, tunda Google Drive ba ya hana maimaita suna. Shi ya sa ake taƙaitawa ga PDF ko Word, daga adireshi kaza, sannan a sa tsarin ya liƙa wa kowane fayil kwanan wata da sunan wanda ya turo.

Iyakoki da haɗari

Gmail ba ya aika maƙalalle da ya wuce megabayit 25. In ya wuce, mahaɗar Drive, wato linki, yake sakawa a madadinsa, kuma mahaɗa ba fayil ba ce, tsarin zai wuce ta bai gani ba. Gigabayit 15 na kyauta da Google ke bayarwa tun 2013 na tarayya ne tsakanin Gmail da Drive da hotuna, saboda haka fayil ɗin da aka kwafa ba a share saƙonsa ba ya ci wuri sau biyu. Rumbun na cika, sababbin saƙonni sun daina shigowa. OneDrive gigabayit 5 yake bayarwa kyauta, Dropbox kuma 2.

Tsarin ba ya bambance aminin kasuwanci da ɗan damfara. Tun cutar kwamfuta ta ILOVEYOU da ta ɓulla daga Filifin a Mayun 2000 ta bazu ta maƙalalle, aka san wannan ƙofa ce ta ɓarna, kuma fayil ɗin da ya shiga foldar da ma'aikata ke tarayya ya fi saurin samun mai buɗe shi. Ko ya dace a bai wa kamfani na uku izinin karanta akwati, masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba.

A Sakkwato

Adana wasiƙu tsohon aiki ne a birnin. A da gidan Waziri ne ke kula da wasiƙun da ke tsakanin Sarkin Musulmi da masarautu, kuma da Turawa suka ci garin a Maris 1903 sun tarar da tarin wasiƙun Larabci a gidan Waziri Buhari, waɗanda aka fassara aka buga a 1927. Cibiyar tarihi mai ɗauke da sunan Waziri Junaidu tana riƙe da irin waɗannan takardu.

A yau tsarin ya fi dacewa da malaman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akantoci, da ƙungiyoyin agaji masu tara rasitai don masu binciken kuɗi. Babbar fa'idarsa a nan ita ce kwafin yana gudana tsakanin kwamfutocin kamfanonin ne, ba ya cin datar mutum, ba ya jiran a kawo wuta ko sabis ya dawo. Dillalin albasa ko fata kuwa ta WhatsApp takardunsa ke zuwa, kuma wannan tsari bai shafe su ba.

Doka

Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙasashen waje, kuma ta shafi ofishin da ke kwashe takardun abokan hulɗa zuwa irin waɗannan rumbuna.