Kwamfuta na auna tazara daga hoto: ta yaya, kuma a ina take kuskure?

Wani ƙanena mai walda a Garwa ya ga bidiyon masana'anta inda kyamara ke duba faranten ƙarfe suna wucewa a kan bel, tana auna tazarar ramukan da aka huda ba tare da kowa ya ɗora mita ba. Ya dame ni da tambayoyi, shi ya sa na tattara su nan tare da amsoshin da na ba shi.

Yaya, wai me kwamfutar take aunawa, tunda ba ta taɓa ƙarfen ba?

Ƙirga take yi, ba awo ba. Hoto tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel, a jere kamar kunyoyin gona. Hoton waya mai megafiksel 12 yawanci yana da ɗigo 4000 a faɗi, 3000 a tsaye. Kowane ɗigo yana da adireshi mai lamba biyu: nisansa daga gefen hagu da nisansa daga sama. A yawancin manhajoji ana fara ƙirgar daga kusurwar sama ta hagu, don haka lamba ta biyu ƙaruwa take yi idan ana gangarowa. Wannan yakan rikita wanda ya saba da zanen lissafi na makaranta.

To daga adireshi biyu yaya ake fitar da tazara?

Ka taɓa ganin magini yana fitar da kusurwar ɗaki da igiya, uku nan, huɗu can, biyar a tsakani? Lissafin ke nan, wanda ake jingina wa Fisagoras. A ce rami na farko yana 1200 da 900, na biyu yana 2800 da 2100. Bambancin faɗi 1600, na tsaye 1200. Ninka kowanne da kansa: 2,560,000 da 1,440,000. Haɗa su, 4,000,000. Sai ka nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan, wato 2000. Tazarar ramukan fiksel 2000 ce.

Fiksel 2000 milimita nawa ke nan?

Kwamfuta ba ta sani ba, kuma a nan ne gizo yake saƙar. Hoton gadar Benuwai da hoton allura duka suna iya cike fiksel 2000. Dole ka saka mata wani abu da ka san girmansa a cikin hoton. Takardar A4 faɗinta milimita 210 ne, tsawonta 297. Katin banki kuma tsawonsa milimita 85.6. Idan faɗin takardar ya ci fiksel 2100, kowace milimita fiksel 10 ke nan, tazarar ramukanka ta zama milimita 200.

Ashe da sauƙi. Sai in ajiye takarda a tebur in ɗauka kawai?

Tsaya tukuna, ƙane. Abin da ke kusa da ido ya fi girma, haka ma a wajen kyamara. A ce kyamara tana milimita 500 sama da tebur, takardar tana kwance a kan tebur, shi kuwa ƙarfen kaurinsa milimita 50. Fuskarsa ta sama tana nisan 450 ke nan, za ta fito da ƙarin girma kusan kashi 11 cikin 100. Tazarar 200 sai a karanta maka 222. Lissafin bai yi kuskure ko ɗaya ba, manhajar kuma za ta jero maka lambobi har bayan ɗigo kamar ta rantse, amma ƙofa ba za ta hau firam ba. Maganin: takardar ta zauna a tsayi ɗaya da fuskar da ake aunawa, ko ka ɗora ta a kanta.

Karkata ma haka take. In ka riƙe waya a gicce, gefen da ke nesa zai tsuke. Ana iya gyarawa idan kusurwoyi huɗu na takardar sun fito, manhaja ta miƙe hoton da su, amma ni na fi son a kafe kyamarar a kan sanda tana kallon ƙasa sak.

Na lura gefen hoto kan lanƙwashe. Wannan fa?

Laifin gilashin kyamara ne, musamman mai faɗin gani: miƙaƙƙen layi yakan kumbura kamar cikin tulu. Ana buga zanen gidaje baƙi da fari irin na allon dara, a ɗauki hotonsa ta fuskoki da yawa, manhaja ta gano yadda gilashin ke murɗa hoto ta warware. Wani masanin kwamfuta, Zhengyou Zhang, ya wallafa wannan hanya a shekarar 2000, kuma tana cikin OpenCV, wata manhajar sarrafa hotuna. Manyan masana'antu kan sayi gilashi na musamman wanda girman abu ba ya sauyawa ko ya ɗan matso ko ya ɗan ja baya. Yana da tsada.

Wa ke nuna wa kwamfutar tsakiyar rami?

Ko ka danna da hannu, ko ta nemi bakin ramin inda haske ya koma duhu, ta daidaita da'ira a kai, ta ɗauki tsakiyarta. Hanya ta biyu ta fi, don tana amfani da ɗaruruwan ɗigo, har takan kai ƙasa da fiksel guda. Sai dai inuwa maƙiyiyarta ce. Ranar Garwa in ta karkata, inuwar bakin rami za ta ja tsakiyar gefe guda. Ka yi aikin a cikin rumfa, in da hali haske ya fito daga ƙarƙashin ƙarfen. Lokacin hunturu kuma ka riƙa goge gilashin.

Sai na sayi manhaja?

A'a. ImageJ kyauta ce, ba ta buƙatar rubuta komai: ka ja layi a kan takardar, ka gaya mata 210, sai ka auna sauran. OpenCV, wadda ta samo asali a kamfanin Intel, ita ma kyauta ce, amma sai ka iya yaren rubuta manhaja kamar Python ko C++.

In abokin ciniki daga Kusuri ya turo hoto ta WhatsApp, zan iya aunawa?

WhatsApp kan rage girman hoto, saboda haka kada ka yi aiki da adadin fiksel na milimita da ka samu a wani hoton. In ya saka katin banki a cikin hoton, tare suka ragu, sai ka sake lissafi daga gare shi, ko da yake gefuna za su ɗan dushe. Gara ya turo shi a matsayin fayil. Kuma ka ce masa ya rufe lambobin katin, kada su fito.