Harsunan Bukhara

Bukhara tsohon birni ne a ƙasar Uzbekistan, kuma mahaifar Imam Bukhari (810–870). Sama da shekara dubu ke nan harsuna daga dangi uku suna zaune tare a cikinsa: dangin Farisanci, dangin Turkanci, da dangin Samiyya, wato na Larabci da Ibrananci. Yawancin 'yan asalin birnin Tajikanci suke yi a gida, wanda reshe ne na Farisanci. Uzbekanci, na dangin Turkanci, shi ne harshen hukuma, kuma da yawa suna ƙarawa da Rashanci.

Kafin zuwan Musulunci, mutanen yankin wani reshe na Sogdiyanci, tsohon harshe daga dangin Farisanci, suke yi. Kwamandan Larabawa Ƙutaiba bin Muslim ya ci birnin a shekarar 709, ya gina masallacin Juma'a bayan 'yan shekaru. Narshakhi, wanda ya rubuta tarihin Bukhara da Larabci wajen shekarar 943, ya ruwaito cewa sababbin musuluntan ba su iya Larabci ba, don haka akwai mutumin da ke tsayawa a bayan sahu yana sanar da su ruku'u da sujada da harshensu. A ƙarshe Farisanci ne ya maye gurbin Sogdiyanci a bakin jama'a, Larabci kuwa ya tsaya a masallaci da zauren malamai. A zamanin daular Samaniyawa, wadda Bukhara ce fadarta, Rudaki ya yi waƙoƙinsa da Farisanci. Ibn Sina, haifaffen ƙauyen Afshana a 980, ya rubuta babban littafinsa na likitanci da Larabci, ya kuma rubuta wani na falsafa da Farisanci.

A shekarar 999 Turkawan Karakhaniyawa suka karɓe birnin, a 1500 kuma Uzbekawan Shaibaniyawa suka shigo. Duk da haka Farisanci ya ci gaba da zama harshen fada da takardun mulki har faɗuwar masarautar Bukhara a 1920. Doguwar cuɗanya ta sa Uzbekanci da Tajikanci suka shiga jikin juna. Daidaitaccen Uzbekanci ya rasa jituwar wasula da aka san danginsa da ita, wato yadda wasulan kalma ɗaya ke dacewa da juna, abin da masana da dama ke jinginawa ga tasirin Tajikanci. Shi kuma Tajikancin Bukhara ya ari ɗafin tambaya "-mi" daga Uzbekanci. Mawaƙan Shashmaƙam, kiɗan gargajiyar yankin, suna rera baitoci da harsunan biyu, haka ma marubuci Sadriddin Aini (1878–1954) da su duka ya yi rubutu.

Abin da ya fi ban mamaki yana ƙauyuka. A Jogari da Arabkhona akwai Larabawa da suka riƙe wani Larabci nasu, a yanke da sauran ƙasashen Larabawa na tsawon ƙarnoni. Masana biyu, Tsereteli da Vinnikov, sun yi nazarinsa tun daga shekarun 1930. Tushen kalmominsa na Larabci ne, amma ginin jimlarsa ya bi na maƙwabta, har aikatau ya koma ƙarshen jimla kamar yadda yake a Uzbekanci da Tajikanci. Masu jinsa sun yi ƙaranci ƙwarai a yau, kuma babbar asara ce idan ya shuɗe ba a gama taskance shi ba. Yahudawan birnin ma suna da nasu karin Tajikanci, Bukhori, mai kalmomin Ibrananci, wanda a da ake rubutawa da haruffan Ibrananci. Yawancinsu sun yi ƙaura zuwa Isra'ila da birnin New York daga shekarun 1970, musamman bayan 1991.

Tarayyar Sobiyat ce ta tilasta wa kowa zaɓar ƙabila ɗaya. Da aka shata iyakoki a 1924, Bukhara da Samarƙand suka faɗa cikin Uzbekistan, aka rubuta ɗimbin masu jin Tajikanci a matsayin Uzbekawa. Shi ya sa alƙaluman hukuma, da ke cewa Tajikawa kusan kashi 5 cikin 100 ne na al'ummar ƙasar, suke shan suka daga masana. Rubutu ma ya sha sauyi: an bar haruffan Larabci aka koma na Latin a ƙarshen shekarun 1920, sai na Rasha a 1940. A 1993 Uzbekistan ta yi dokar mayar da Uzbekanci haruffan Latin, Tajikanci kuwa har yanzu da na Rasha ake rubuta shi.