Waiwaye: Yadda Aka Gano Ƙwayoyin T da Hanyar da Suke Bi Wajen Gane Cuta

Duk wanda ya taɓa raka majiyyaci zuwa sashen da ake kula da masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau ya ji ana maganar ƙididdigar CD4, kuma ya ga yadda hankalin likita ke tashi idan adadin ya sauka ƙasa da 200 a cikin kowane maikurolita na jini, alhali mai lafiya yakan samu tsakanin 500 zuwa 1,500. Abin da ake ƙirgawa a wannan gwaji wani kashi ne na rukunin fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T. A yau babu littafin likitanci da zai yi maganar garkuwar jiki bai sa su a tsakiya ba, amma kafin shekarar 1961 babu wanda ya san da zamansu a matsayin jinsi mai zaman kansa.

Labarin ya fara ne daga wata 'yar gaɓa mai laushi da ke bayan ƙashin ƙirji, a saman zuciya, wadda ake kira taimus. Tana da girma a jikin yaro, sannan ta riƙa motsewa bayan balaga har kitse ya maye yawancin gurbinta. An sha cire ta daga jikin manyan dabbobi ba a ga wani lahani ba, don haka masana suka ɗauke ta a matsayin abin da ba shi da wani aiki na a-zo-a-gani. Jacques Miller, wani matashin likita haifaffen Faransa da ya yi karatu a Ostireliya, yana binciken sankarar jini a jikin ɓeraye ne a wata cibiya ta Landan lokacin da ya cire wannan gaɓa daga jariran ɓeraye tun suna sabuwar haihuwa. Ɓerayen suka rame, cututtuka suka yi musu rubdugu, fararen ƙwayoyin jininsu suka ragu ƙwarai, kuma da aka dasa musu fatar wani ɓera na daban, jikinsu bai ƙi ta ba kamar yadda aka saba gani. Ya buga sakamakon a mujallar Lancet a 1961. Abin da ya ɓace wa magabatansa shi ne lokaci: gaɓar tana gama babban aikinta ne da wuri, ta watsa ƙwayoyinta cikin jiki, shi ya sa cire ta daga babba ba ya nuna komai nan take.

Ba a karɓi maganar hannu bibbiyu ba. Hatta Peter Medawar, wanda ya samu lambar yabo ta Nobel a 1960 kan binciken dashen fata, ya ci gaba da ganin cewa kasancewar waɗannan ƙwayoyi a cikin taimus ba shi da wani muhimmanci. Ƙarin hujja ta fito daga kaji. A 1956 Bruce Glick ya nuna cewa idan aka cire wata 'yar jaka da ke kusa da duburar ɗan tsako, ba ya iya samar da sinadaran kariya na cikin jini, wato antibodi. A 1965 Max Cooper, yana aiki tare da Robert Good a Minnesota ta Amurka, ya nuna cewa jakar da taimus kowacce tana samar da nata jinsin ƙwayoyi. Daga nan aka samu ƙwayoyin B masu yin antibodi, waɗanda a jikin ɗan Adam suke girma a cikin ɓargo, da ƙwayoyin T waɗanda asalinsu ma ɓargon ne amma sai sun bi ta taimus kafin su nuna. A 1968 Miller da Graham Mitchell suka tabbatar a Melbourne cewa ƙwayoyin B ba sa yin aikinsu yadda ya kamata sai da taimakon ƙwayoyin T.

Tambayar da ta biyo baya ta fi wuya, kuma a ganina ita ce zuciyar wannan tarihi: ta yaya ƙwayar T take gane cewa akwai cuta? Antibodi yana kama ƙwayar cuta kai tsaye a cikin jini, amma bairos yana shiga cikin ƙwayoyin jikin mutum ne ya ɓuya, inda babu abin da zai gan shi daga waje. A 1973, a birnin Kanbera na Ostireliya, Rolf Zinkernagel ɗan ƙasar Siwizalan da Peter Doherty, likitan dabbobi ɗan Ostireliya, suna nazarin wani bairos mai haddasa sanƙarau a jikin ɓeraye. Suka lura cewa ƙwayoyin T da aka ɗebo daga ɓeran da ya kamu suna kashe ƙwayoyin da bairos ya shiga ne kawai idan waɗannan ƙwayoyi sun fito daga ɓera mai irin alamomin gado ɗaya da nasa. Idan alamomin sun bambanta, ko da bairos ɗin iri ɗaya ne, ba sa taɓa su. Waɗannan alamomi, da ake kira MHC, a jikin mutum kuma HLA, an daɗe da saninsu a matsayin dalilin da ke sa jiki ya ƙi gaɓar da aka dasa masa, sai dai babu wanda ya fahimci ainihin amfaninsu, tunda dashe ba abu ne da ke faruwa a halitta ba. Sakamakon ya fito a mujallar Nature a 1974, kuma ya kai su ga lambar Nobel a 1996.

Fiye da shekara goma aka yi ana jayayya kan ma'anar wannan abu. Wasu suka ce ƙwayar T tana da makarɓi biyu a samanta, ɗaya na gane alamar jiki, ɗaya na gane baƙon abu. Wasu suka ce makarɓi ɗaya ne da ke ganin alamar jiki bayan cuta ta sauya mata kama. A 1984 Tak Mak a Toronto da Mark Davis a Amurka suka gano ƙwayoyin gadon da ke gina makarɓin, aka kuma ga cewa kowace ƙwayar T tana yanka gutsattsarin waɗannan ƙwayoyin gado ta harhaɗa su ba bisa wani tsari ba, irin yadda Susumu Tonegawa ya nuna tun 1976 game da antibodi. Ta haka jiki ke samun miliyoyin makarɓai mabambanta, har da waɗanda za su dace da cutar da ba ta riga ta ɓulla a duniya ba. A 1986 Alain Townsend a Oxford ya nuna cewa abin da ƙwayar T ke gani ba cikakken bairos ba ne, ɗan guntun furotin ɗinsa ne kawai. Shekara ɗaya bayan haka Pamela Bjorkman, tare da Don Wiley da Jack Strominger a Harvard, ta fitar da siffar HLA-A2, ɗaya daga cikin nau'o'in HLA, sai ga wani dogon kwarmi a samansa, kuma a cikin kwarmin akwai guntun furotin a kwance.

Da wannan hoto gardamar ta kau: makarɓi ɗaya ne ke ganin MHC tare da guntun furotin da ke kansa. Kusan kowace ƙwaya a jiki tana daddatsa furotin da ke cikinta, ta ɗora gutsattsarin a kan MHC ta fito da su waje, kamar yadda mai hatsi a kasuwa ke ɗibar samfuri ya ajiye a bakin buhu domin mai saye ya san abin da ke ciki. Ƙwayoyin T masu alamar CD8 suna duba MHC aji na ɗaya, wanda ke ɗauke da gajerun gutsattsari masu amino asid (tubalan ginin furotin) 8 zuwa 10, kuma su ne ke kashe ƙwayar da ta kamu. Masu alamar CD4 suna duba aji na biyu, su ne kuma ke ba sauran sassan garkuwa umarni, shi ya sa idan ƙanjamau ta cinye su tarin fuka da sauran cututtuka ke samun ƙofa a buɗe. Siffar kwarmin ta bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma wannan bambanci yana da tasiri na zahiri: a 1991 Adrian Hill da abokan aikinsa suka ruwaito daga Gambiya cewa yaran da ke da nau'in HLA-B53, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, ba su cika faɗawa cikin matsanancin zazzaɓin cizon sauro ba kamar sauran.

Sai dai makarɓin da aka harhaɗa ba bisa tsari ba yana iya dacewa da naman jikin mai shi. A nan ne aikin taimus ya fito fili. Bincike na ƙarshen shekarun 1980, musamman na John Kappler da Philippa Marrack da kuma na Harald von Boehmer, ya nuna cewa ana tace ƙwayoyin sau biyu: wadda makarɓinta bai iya kama MHC na jiki ko kaɗan ba takan mutu domin ba ta da amfani, wadda kuma ta kama furotin na jiki da ƙarfi ana kashe ta domin haɗari ce. Sama da kashi 95 cikin 100 ba sa fita da rai. Abin da ya fi ba ni mamaki a nan shi ne ƙwayar gadon AIRE, wadda aka gano a 1997, mai sa taimus ta riƙa samar da furotin na wasu gaɓoɓi masu nisa, kamar insulin, domin a gwada matasan ƙwayoyin da su tun kafin su fita.

Duk da haka tacewar ba ta kammaluwa, don haka gane abu kaɗai bai isa ya tayar da ƙwayar T ba. Peter Bretscher da Melvin Cohn sun kawo ra'ayin saƙo biyu a 1970, kuma a 1987 Marc Jenkins da Ronald Schwartz suka nuna cewa ƙwayar da ta samu saƙon farko, wato gane guntun furotin, ba tare da na biyu ba takan sandare ta daina amsawa. Mai bayar da saƙo na biyu ita ce ƙwaya mai rassa da Ralph Steinman ya gano a 1973 a Jami'ar Rockefeller, wanda aka sanar da lambarsa ta Nobel a 2011 kwana uku bayan rasuwarsa. Wannan ƙwaya tana zaune a fata da hanji da huhu. Idan ta ji alamar cuta sai ta ɗebi gutsattsarin ta wuce zuwa kaluluwa mafi kusa, ta fito da furotin B7 wanda ke haɗuwa da CD28 a jikin ƙwayar T. Sai saƙonnin biyu sun haɗu ne ƙwayar take fara fitar da sinadarin IL-2, ta riƙa rabuwa har ta zama dubbai cikin kimanin mako guda. Kumburin kaluluwa a matsematsi idan mutum ya ji ciwo a ƙafa alama ce ta wannan aiki.

Mataki na baya-bayan nan ya shafi abin da ke tsayar da ƙwayar T bayan ta tashi. Tasuku Honjo ya gano furotin PD-1 a Kyoto a 1992, James Allison kuma ya nuna a 1996 cewa toshe CTLA-4, wani furotin da shi ma yake taka wa ƙwayar birki kamar PD-1, yana sa ƙwayoyin T su far wa sankara a jikin ɓeraye. An amince da maganin farko na wannan hanya a Amurka a 2011, su biyun kuma suka raba lambar Nobel a 2018. Shimon Sakaguchi ya bayyana a 1995 cewa akwai ƙwayoyin T da aikinsu shi ne danne 'yan uwansu, Mary Brunkow da Fred Ramsdell suka gano ƙwayar gadon Foxp3 a 2001, wadda daga baya aka tabbatar ita ke tafiyar da waɗannan ƙwayoyi, kuma su ukun ne suka karɓi lambar ta 2025. Magungunan sankara da suka fito daga wannan ilimi sun tsawaita rayuwar wasu majiyyata da a da ba a sa musu rai, amma a jikin wasu sukan sa ƙwayoyin T su juya kan hanji ko fata ko huhu, yayin da wanda aka yi wa dashen ƙoda ke buƙatar akasin haka, wato magani irin su siklosporin da ke hana ƙwayar fitar da IL-2, wanda shi kuma ke barin sa cikin haɗarin kamuwa da cututtuka muddin yana shan sa.