Manna Ledar Baƙin Gilashi

Ledar baƙin gilashi, wadda direbobi da makanikai suka fi kira tinti, siririyar leda ce ta poliyesta da ake mannawa a cikin gilashin mota ko na gini domin rage zafin rana da ƙyallin haske, da kuma hana na waje hango na ciki. Kamfanin 3M na Amurka ne ya yi rajistar mallakar fasahar ledar tare zafin rana a 1966. Ledar ta bambanta da baƙin gilashin da wasu motoci ke zuwa da shi daga kamfani, wanda launinsa na cikin jikin gilashin ne, ba ya ɓarewa. Kayan aikin manna ta ba su da tsada, amma aikin ba ya son ganganci: ƙwayar ƙura guda da ta shiga tsakanin gam da gilashi ta zauna ke nan har ranar da za a cire ledar.

Ƙirar leda da ire-irenta

Ledar mota ba ta kai kaurin takardar rubutu ba, amma hawa-hawa ce. Akwai shafi mai tauri da ke hana karcewa, sai jikin poliyesta mai ɗauke da launi ko ƙarfe, sai gam, sai wani farin ɓawo da ke rufe gam ɗin, wanda ake ɓarewa a lokacin mannawa. Ana sayar da ita a naɗe, galibi tsawon mita 30, faɗi daga santimita 50 zuwa 152.

Mafi araha ita ce mai rini. Tana ba da duhu, amma zafin da take tarewa kaɗan ne, kuma maras kyau daga cikinta tana komawa ruwan shuni bayan ta sha rana, saboda rinin rawaya ne ke fara ƙoɗewa ya bar ja da shuɗi. Mai ƙarfe tana mayar da zafi baya sosai, sai dai tana iya raunana sabis ɗin waya da GPS da rediyo, musamman a motar da eriyarta ke cikin gilashin baya. Ta kabon ba ta ƙoɗewa kamar mai rini. Ta siramik ita ce mafi tsada, kuma tana tare zafi ko da ba ta da duhu. Kusan duk leda mai inganci tana tare kimanin kashi 99 cikin 100 na hasken UV mai ƙona fata da ƙoɗar da kujeru.

Mutane da yawa suna ɗauka duhu shi ne sanyi. Ba haka ba ne. Kusan rabin ƙarfin rana yana zuwa ne ta hasken zafi da ido ba ya gani, don haka leda mai rini baƙa ƙirin na iya barin mota da zafi fiye da ta siramik mai haske. Lambar da ta fi faɗin gaskiya a jikin kwali ita ce TSER, wato jimillar ƙarfin rana da ledar ke tarewa.

Duhu da doka

Ana auna duhu da lambar VLT, wato yawan hasken da ke ratsawa. Waɗanda aka fi samu su ne 5, 20, 35, 50 da 70, kuma ƙanƙantar lamba ita ce tsananin duhu. Abin lura shi ne gilashin mota da kansa yana rage haske, don haka ana ninka lambobin biyu ne: leda mai 35 a kan gilashi mai barin kashi 80 za ta ba da kashi 28. Leda mai 5 a gilashin ƙofar gaba tana hana direba ganin madubin gefe da masu tafiya a ƙasa da dare.

Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Birtaniya dole gilashin gaba ya bar aƙalla kashi 75 na haske, gilasan ƙofofin gaba kuma kashi 70. A Najeriya dokar 1991 ta haramta sa wa mota baƙin gilashi sai da izinin Sufeto Janar na 'Yan Sanda, bisa dalilin lafiya ko tsaro.

Kayan aiki da ruwan sabulu

Ana buƙatar kwalbar feshi, da robar sharce ruwa, da kati mai tauri, da wuƙar yankan leda mai bakin da ake karyawa, da rezar kankara, da soson da ba ya karce, da tsumma marar gashi, da salatif na takarda, da na'urar hura zafi. Bakin wuƙa ya kasance na ƙarfen da ba ya tsatsa, domin na baƙin ƙarfe yana zana gilashi. Ana karya tsinin a fito da sabo bayan kowace taga ko biyu, saboda dakusasshen baki yana yaga leda maimakon yanka ta.

Ruwan feshi shi ne ke bai wa leda damar zamewa kafin gam ya kama. Ana haɗa ɗigo shida zuwa goma na shamfun jarirai a lita guda ta ruwa. Idan sabulu ya yi kaɗan, leda za ta kama tun ba a daidaita ta ba. Idan ya yi yawa, za ta yi ta sulɓewa, bakinta ya ƙi kwanciya, bushewa ta yi jinkiri. A lokacin zafi ana ɗan ƙara ɗigon. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana ɗauke da yashi da gishirin ƙasa da ke barin fararen tabo, don haka tataccen ruwa ya fi. Sabulun gari da sabulun wanke-wanke mai ƙamshi da mai suna lalata gam.

Wuri da tsabta

Yawancin aibin da ake gani a tinti tun kafin leda ta taɓa gilashi aka jawo shi. A yi aikin a rufaffen wuri, a kashe fanka, a yayyafa wa ƙasa ruwa don ƙura ta kwanta. A cikin rana gilashi yana ɗaukar zafi ya busar da ruwan feshi kafin a gama daidaitawa. Lokacin hunturu a garuruwa irin su Kano da Maraɗi shi ne mafi wuya, domin ban da ƙurar da ke yawo, busasshiyar iska tana sa ledar ta riƙa jawo ƙura da gashi da zarar an ɓare ɓawonta. Maganin shi ne a riƙa fesa wa gam ruwa a daidai lokacin da ake ɓarewa, kada a bar ko taƙi guda a bushe. Rigar sanyi mai gashi ba ta dace da mai wannan aiki ba.

Wankin gilashi hawa uku ne. A fesa ruwa a kankare da reza don cire sitika da tsohon gam, a goge da soso, sannan a sharce daga sama zuwa ƙasa ana goge bakin robar bayan kowane ja. A sauke gilashin ƙofa kaɗan a wanke bakinsa na sama, inda datti ke maƙalewa. Robar da gilashi ke shiga cikinta tana da gashi-gashi mai zuba, sai a rufe ta da salatif. Ba a sa reza a cikin gilashin baya, domin siraran layukan ɗumama gilashi a fuskar gilashin ta ciki aka shafa su, kuma yanka guda ya isa ya kashe layi. Soso kaɗai ake sawa, ana bin tsawon layukan.

Ruwa ma yana ɓarna. Maɓallan taga, sifikun ƙofa, da na'urorin da ke ƙarƙashin dashbod ko bayan kujerar baya duk suna iya lalacewa, don haka ana rufe ƙofa da leda, a cusa tawul ko igiya mai shan ruwa a gindin gilashi.

Yanka da lanƙwasawa

A waje ake yanka leda, a ciki ake manna ta. Ana jiƙa bayan gilashi a shimfiɗa ledar, ɓawonta yana kallon mai aiki. Wanda ya juya ta zai yanka ta tagar hagu ta fito ta dama. A gilashin ƙofa ana barin rarar kimanin santimita ɗaya a ƙasa da ɗan abin da zai shige cikin roba a gefuna, sannan a sauke gilashin a bi bakinsa na sama da wuƙa. Ana zagaye kusurwoyi, saboda kusurwa mai tsini ita ce ke fara tashi.

Gilashin baya ya fi wuya, domin ya gantsare ta tsaye da ta kwance, leda kuwa shimfiɗaɗɗiya ce. Idan aka ɗora ta, rarar tana tashi tsiri-tsiri kamar yatsu. Zafi ne ke tsuke su. Amma ledar ba ta tsukewa ta ko'ina: yatsun da suka nufi bakin da ya zo daga kamfani, wato dogayen gefuna biyu na naɗin ledar, su ne kawai ke kwanciya. Don haka ana ajiye waɗannan bakuna biyu a sama da ƙasa, a kafe ledar da layi guda a tsakiya da layi biyu a gefuna, siffar harafin H, yadda duk rarar za ta taru sama da ƙasa. Sai a riƙe na'urar zafi nesa da leda da kamar santimita 10 zuwa 15, hannu yana tafiya ba tsayawa. Da yatsa ya fara murɗewa yana yin zigizag, a bi shi da kati zuwa baki. Babban yatsa ana raba shi gida biyu ko uku tukuna. Idan aka danne shi tun bai tsuke ba zai karye ya bar layi, idan aka daɗe a wuri guda ledar ta ƙone ta yi ƙyalli. Duka biyun ba su da gyara sai sabuwar leda. Gilashin gaba falle biyu ne da roba a tsakani, zafi mai yawa a wuri guda yana iya tsaga shi.

Mannawa

A yi wankin ƙarshe, a jiƙa cikin gilashi sharkaf. A ɓare ɓawo ana feshi, a ɗauki ledar da jiƙaƙƙun yatsu daga baki, kada ta taɓa kujera ko robar ƙofa. A tagar ƙofa ana fara ɓare rabin sama, a daidaita shi a bar tazarar milimita ɗaya zuwa biyu daga bakin gilashi, a sharce, a ɗaga gilashin, sannan a ɓare sauran a cusa shi ƙarƙashin roba. Wannan tazara ce ke hana robar sama kama bakin leda duk lokacin da aka rufe taga.

Kafin a sharce ana fesa wa bayan ledar ruwa don roba ta zame. Ana farawa daga tsakiya zuwa baki, kowane ja yana hawa rabin na baya, zagaye na farko a hankali, na biyu da ƙarfi. A ƙarshe a naɗe kati da tsumma a bi bakuna, domin ruwan da aka koro yana iya komawa ciki ya ja datti.

Abin da ke warkewa da wanda ba ya warkewa

Bayan an gama, gilashi yakan yi hazo-hazo da ƙananan ƙurajen ruwa. Wannan ba aibi ba ne. Ruwan yana fita ta jikin ledar a hankali, cikin 'yan kwanaki a lokacin bazara, har zuwa wata guda da damina ko a wurin sanyi. Ba a huda su, ba a matsa su da farce. Kada a sauke taga sai bayan kwana uku zuwa biyar, kada kuma a wanke cikin gilashin kafin mako guda.

Kumfar iska daban ce: fara ce, bakinta a fili yake, kuma ba ta raguwa. Ƙura tana bayyana ne a matsayin farin ɗigo mai ƙwaya a tsakiya. Idan an gan ta tun ledar na jiƙe kuma kusa da baki take, ana iya ɗaga ledar a wanke wurin da feshi mai ƙarfi. Idan ta bushe, sai haƙuri ko sakewa. Yatsan da ya dawo a gindin taga alama ce ta ba a tsuke ledar sosai ba, kuma ɗan zafi daga waje tare da kati yakan kwantar da shi.

Baƙaƙen ɗige-ɗigen da ke zagaye gilashin baya sun ɗan tasa sama, leda ba ta kwanciya a tsakaninsu, sai wurin ya yi fari-fari. Ana rage wannan da sake danne wurin da kati mai laushi bayan kwana biyu ko uku, amma da wuya ya ɓace gaba ɗaya. Manyan kumfa da ke fitowa bayan shekara ɗaya ko biyu kuwa gam ne ya mutu, ko dai don leda maras inganci ko don ana wanke ta da maganin gilashi mai amoniya. Ruwa da ɗan sabulu da tsumma mai laushi sun isa. Ƙarfen bel ɗin kujera da ke bugun taga idan an sake shi, da yashin da ya maƙale a robar ƙofa, su ne ke jawo yawancin karce.

Gilashin gini

Tagar gida shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta buƙatar zafi, amma tana da nata haɗarin. Gilasan ƙofofin mota gasassu ne masu jure zafi, na gini kuwa galibi ba haka suke ba. Leda mai duhu tana sa tsakiyar gilashi ta ɗumama ta buɗe alhali bakin da ke cikin firam yana da sanyi, sai tsaga ta taso daga baki. Haɗarin ya fi yawa a gilashin da bakinsa ya ɓantare, da wanda rabinsa ke inuwa rabi a rana, da mai launi, da mai falle biyu. Ba a manna ledar gilashi ta yau da kullum a kan farar roba mai kama da gilashi, saboda robar tana fitar da iska ta tayar da kumfa. Leda mai kama da madubi tana ɓoye na ciki ne da rana kawai. Da dare, idan an kunna fitila, na waje ne ke ganin na ciki.

Cire tsohuwar leda

Tururi ne hanya mafi sauƙi: yana tausasa gam ya fito tare da ledar idan ana ja a hankali. Wata hanyar ita ce a fesa ruwan amoniya a ciki, a rufe da baƙar ledar shara, a bar motar a rana kamar awa guda, bayan an rufe kujeru, sannan a buɗe ƙofofi iska ta fita kafin a shiga. Fizgar leda a bushe tana barin gam a jikin gilashi, a gilashin baya kuma tana iya tahowa da layukan ɗumamawa. Ragowar gam ana jiƙa shi da ruwan sabulu ko sinadarin cire gam, a kankare da reza a tagogin ƙofa, a goge da soso a gilashin baya.